Ɗan Farina da Masu Zama a Garkar Dabino

Ɗan farina sofer ne, kamiyo, babbar motar kaya, yake ja tsakanin Gure da Damagaram. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Haka muka tarar, ɗan fari kunyarsa ake ji. A hannun uwar mijina ya tashi, Yaya ma yake ce mini. In ina da magana, ƙanwarsa nake aikawa.

Kunyar ba ta hana ni kallo ba. Na ga yana tauna kanumfari da rana tsaka. Na ga hannunsa na rawa a kan kwanon fura. In zai gaida mutane, daga nesa yake tsayawa. Giya ce. Na sani tun kafin matarsa ta zo ta durƙusa tana kuka.

Sai ranar da kamiyon ya bar hanya kusa da Gidigir, ya kife cikin rairayi da lodin kanwa. Shi ya fito da karaya a hannu. Waɗanda suka gani sun ce saura taku kaɗan ya bi ta kan mata masu ɗebo ruwa. Daga ranar, in na ji ƙarar babbar mota, sai in nemi bango in jingina.

Na yi sadaka, na karɓo rubutu, shiru. Sai na tafi asibiti wurin majo, wata ma'aikaciyar jinya mai haƙuri, na ce mata ɗan maƙwabciyata ne ke sha. Ta daɗe tana kallona.

“Inna, ba ni da allurar wannan,” in ji ta. Ta rage murya. “Amma akwai wasu maza, duk sun taɓa sha. Ran Juma'a bayan la'asar suke zama a wata garka cikin kwarin bayan gari. Ba su da biro irin na gwamnati, ba su da takarda. Junansu suke riƙewa.”

Na ɗauki kwando kamar mai neman tumatir. Ina hawan tudun rairayi ina waiwaye, don in wani ya ga tsohuwa irina ta nufi wurin mashaya, na gama ɗaga kai a garin nan. Da na gangara, na tarar da su a kan tabarma ƙarƙashin dabino, shayi na tafasa. Cikinsu har da telan da ke mini ɗinki shekara da shekaru. Ya sunkuyar da kai.

Wani tsohon soja mai furfura ya miƙe.

“Inna, tumatir sai garkar gaba.”

“Ba tumatir ya kawo ni ba.”

“To, ke ma taɓawa kike?”

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya toshe baki.

“Allah ya shirye ka,” na ce. “Ɗan maƙwabciyata ne.”

“Mai kamiyo?” in ji sojan.

Na ce su je su ɗauko shi, ko da igiya.

“Ba ma ɗauko kowa. Ni sau uku ƴan'uwana suka ɗaure ni a ɗaki, ranar da aka kwance ni, ranar na koma. Da ƙafarsa zai zo. Kuma kada ki aiki kowa, ko ɗiyarki. Kin ga fuskokinmu. In maganar nan ta bi baki biyu, gobe tana kasuwa, zaman nan ya watse, mu koma inda muka fito. Ke za ki gaya masa.”

Mako uku ina juya abin. In na doshi ƙofarsa sai in wuce. Hannun ya warke, na ji an ce ran Asabar zai koma hanya.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi a zaure shi kaɗai. Na tsaya a gabansa. Sai na kira sunansa. Ya zabura har hularsa ta faɗi.

“Yaya! Wa ya mutu?”

“Ba kowa tukuna. Zauna.”

Na gaya masa kwarin, da garkar, da lokacin. Ina magana ina kallon bango.

“Wa ya faɗa miki ina sha?”

“Ina da ido. Ba na son a kawo mini kai cikin tabarma. Ba na son a kawo wa wata uwa nata saboda kai.”

Bai ce zai je ba. Da la'asar na laɓe bayan wata aduwa a kan tudun. Ya zo. Ya tsaya a sama ya daɗe, ya juya kamar zai koma, ya sake tsayawa. Sannan ya gangara.

Ƙasar kwari baƙa ce mai danshi, ba kamar rairayin gari ba. Duk Juma'a da yamma ina bi ta ƙofar zaurensa in duba takalmansa. Yawanci baƙar ƙasar tana nan manne. Makon jiya babu, kuma tun Asabar yana hanya.