Ranar da na je sayen hantsi

Shekarun baya, ban daɗe da yin aure ba, mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya sa da sauran kwana a gaba. Ya farfaɗo a asibiti, hannun dama da ƙafa ba sa motsi, amma yana gane mu. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne bakinsa. Larabcin da ya yi rayuwarsa da shi ya tafi ƙaƙaf, sai na salla kaɗai ya rage. In ya buɗe baki, Hausa ce ke fitowa.

Sai na ɗan yi muku bayanin gidanmu. Mahaifina yana ƙaramin yaro iyayensa suka taho da shi aikin hajji daga ƙasar Kano, ba su koma ba. A Jidda ya girma, ya koyi ɗinki, ya buɗe shago a unguwar Bagdadiyya. Ni da yayata a nan aka haife mu, kuma da Larabci ya tashe mu, don ba ya son a yi mana dariya a makaranta. Mahaifiyata ce ke ɗan yi mana Hausa, yawanci in za ta yi faɗa, ita kuma ta riga shi rasuwa. Don haka Hausata a lokacin ba ta wuce gaisuwa da "zo nan" da "za ka sha duka" ba.

Likita ya ce hakan na faruwa, harshen yarinta ya fi kama ƙwaƙwalwa. Muka dawo da shi gidana a unguwar Safa, nan cikin Jidda. Na ba shi ɗakin da ya fi sanyi, mai labule mai kauri, ina ganin na yi masa gata.

Kullum da safe in na shiga gaishe shi, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna taga, ya ce da ƙyar, "Ina son in sha hantsi."

"Sha" dai na san ta. Na kawo shayi, ya girgiza kai. Matata ta dama kunu, ya kawar da fuska. Yayata ta ce wataƙila wani ganye ne na gida da ake tafasawa. Ni kuma na ɗauka kantin da ke tsallaken titi yake nunawa, na je na tambaya, ba su taɓa jin sunan ba. Har wurin wani mai kayan ƙamshi ɗan Yaman na je a tsohuwar kasuwar Balad, ya buɗe wannan kwalba ya rufe waccan, a ƙarshe ya ce wannan sai wajen mutanenku. In Baba ya matsa da nunin tagar, sai in ce ko haske ne ya dame shi, in ƙara jan labule.

A hankali ya daina tambaya. Ya juya fuskarsa bango. Abinci ma sai an yi ta lallashi kafin ya karɓi loma biyu. Mai gasa masa jiki ya ce mana ƙafar za ta iya dawowa, amma shi mai ƙafar ba ya so. Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Wani abokina, haifaffen nan ne shi ma, Hausarsa ta fi tawa lalacewa, shi ya ba ni shawara. Ya ce akwai wata tsohuwar gahawa a unguwar Waziriyya, gidan shayi irin na da, inda kakansa ke zama. Tsofaffin mutanenmu ne ke taruwa a wurin, kuma duk abin da aka rasa na gida, a nan ake samun mai shi.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na shirya tafiya. Matata ba ta nan, babu wanda zan bar wa Baba, sai na ɗora shi a kekensa na marasa lafiya, na kai shi mota.

Wurin ba shi da ko allon suna. Rumfa ce mai faɗi a gaban wani tsohon gini, an jera mirkaz, dogayen gadajen nan na igiya da ake zama a kai a naɗe ƙafa. Fanka na juyawa a hankali a sama. A gefe guda garwashi ne, an jera ƙananan butocin shayi a kai, ƙamshin na'a-na'a ya cika wurin. Tsofaffi ne zaune, wasu da farar jallabiya, wasu da hular gida, wasu na buga dumana, wato wasan domino, a kan tebur, kuma duk hayaniyar da ke tashi Hausa ce. Ina tura keken na ga Baba ya ɗago kai.

Na gyara murya na nufi mai shayin, wani dattijo siriri ɗan Nijar. Tun a mota nake bitar abin da zan faɗa.

"Salamu alaikum, ya ammi. Akwai hantsi? Ina so buta ɗaya, babu sukari."

Ya tsaya da cokali a hannu. "Me ka ce, ɗana?"

"Hantsi. Baba yana so ya sha."

Masu dumana suka dakata. Wani tsoho mai jan gemu da ke kusa ya dube ni, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Ai ka makara, yaro. Na yau ya ƙare tun kafin azahar. Sai gobe in Allah ya kai mu."

Na ji daɗi, ashe dai akwai shi. Na ce, "Ƙarfe nawa ake kawowa?"

"Mai kawowa bai taɓa latti ba."

Rumfar ta kaure da dariya. Ina tsaye ban san me na yi ba, sai na ji wani sauti a bayana kamar mutum ya shaƙe. Na juya a firgice. Baba ne. Rabin bakinsa a karkace, kafaɗarsa na rawa, hawaye na zuba, yana dariya.

Mai shayin ne ya tausaya mini. Ya ja ni gefe ya gaya mini da Larabci cewa hantsi ranar safe ce, wadda ba ta yi zafi ba tukuna. Shan hantsi kuwa shi ne mutum ya zauna a cikinta ta gasa masa jiki. Na tuna labulen da nake ta ja. Na rasa inda zan sa kaina.

Kafin in dawo, mai jan gemun ya matso da kujerarsa kusa da keken.

"Alhaji, mutumin ina ne?"

Baba ya ɗauki lokaci kafin ya haɗa kalmar. "Kano."

"Shi ya sa! Ɗan Bakano, ko rana ce sai ya nemi inda ake sayar da ita."

"Kai fa?"

"Zazzau."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a hankali, "Ashe bawana ne. Zuba mini shayi."

Na ɗauka rigima za a yi. Sai na ga tsohon ya kwashe da dariya, ya ɗauko buta ya zuba, har da rusunawa. Daga baya na gane wasa ne da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi tun kaka da kakanni. Baba ya riƙe ɗan kofin da hannun hagu ya shanye, aka ƙara masa. Wani ya miƙo gurasar tamis mai zafi, ya ci. Suka yi ta tambayarsa ƙauyensu da hanyar da suka biyo, yana amsawa kalma-kalma, ba wanda ya gaggauta shi, ba wanda ya ƙarasa masa zance. Muna nan har aka kira magariba.

Washegari da safe na goya shi zuwa saman bene. Lokacin sanyi ne, iskar teku na kaɗawa. Ya lumshe ido ya miƙa wa rana fuskarsa. Ni kuma na zauna a ƙasa kusa da shi.

Daga nan Alhamis ta zama ranar Waziriyya. Ƙafar ta dawo har yana takawa da sanda, Larabcin kuwa ɗan kaɗan ya dawo. Ni ne na koma ɗalibi. Tsofaffin nan sun sha dariyata ba iyaka, amma a bakinsu na tsinci Hausar da nake rubuta muku da ita yau.

Baba ya ƙara wasu shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa. In na tuna shi yanzu, mutum biyu nake gani. Akwai wanda ya tashe ni da Larabci, mai tsare gida, wanda maganarsa ba ta wuce umarni da nasiha. Akwai kuma na rumfar shayi, mai tsokana, mai labarin rafin ƙauyensu da ɓarnar da ya yi yana yaro. Ba zan taɓa cewa na gode wa ciwon nan ba, don na ga abin da ya yi masa. Amma na girma a gida ɗaya da wannan mutum na biyu har na yi gemu, ban san yana nan ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.