Batirin Agogon Kwamfutar Nuhu

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar da Malam Sale ya shigo shagona na gyaran kwamfuta a Gumel rungume da kwamfuta a cikin buhun taki ba. Kaka ce, an gama yankan gero. Dattijo ne, manomi daga wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, ya zo tare da 'yarsa Hajara, domin ita kaɗai ta iya kunna na'urar a gidan.

Kwamfutar ta ɗansa Nuhu ce, wanda ya tsallaka ta Maigatari ya tafi Libiya neman aiki ba da yardar mahaifinsa ba. Ya bar manhajar kiran bidiyo a buɗe da sunansa, da lambar abokin da zai zauna ɗaki ɗaya da shi a can. Duk ranar da maƙwabcinsu ya tayar da janareto, sai Hajara da mahaifiyarta su gaisa da Nuhu. Malam Sale kuwa tashi yake ya bar musu gidan. Da damina ta faɗi, sai kwamfutar ta daina shiga intanet.

"Wallahi mun ɗauka sabis ne," in ji Hajara.

Ban ga laifinta ba. A yankinmu waya takan kwana a Najeriya, gari ya waye tana kama layin Nijar. Komai ya ƙi tafiya, sabis muke ɗora wa laifi, mu naɗe hannu mu jira. Haka suka jira har aka kai amfanin gona gida.

Ranar Alhamis, a kasuwar Maigatari, wani direba ɗan Damagaram ya nemo Malam Sale ya shaida masa Nuhu yana kwance rai a hannun Allah, ba abin da yake roƙo sai ya ga mahaifinsa.

"Malam, ka taimaka," dattijon ya ce da ni. "So nake na ce masa na yafe."

Ku da kuke koyon aikin nan, na san halinku: abu kaɗan, sai ku goge komai ku zuba sabo. Da an yi haka ranar, da lambar abokin ta tafi har abada, don babu wanda ya san kalmar sirrin. Na kunna ta, na duba kusurwar allo, sai na ga kwanan watan ya koma shekarar da aka ƙera ta. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batiri kamar maɓallin riga, shi ke riƙe agogo idan babu wuta. Inda wuta ba ta zama, da wuri yake ƙarewa. Idan ya mutu agogo ya rikice, shafukan intanet kuma ba sa yarda da na'urar da kwanan watanta ya kauce.

Ban tsaya kwance ta ba. Na saita kwanan watan da hannu, nan take manhajar ta buɗe. Hajara ta danna lambar, Malam Sale ya gyara hularsa, ya matso gaban allon a karon farko.

Abokin ne ya ɗauka. Yana ganin dattijon ya sunkuyar da kai.

"Baba, sai haƙuri. Shekaranjiya muka kai shi makwancinsa."

Malam Sale ya yi salati. "Ya bar magana?"

"Kullum sai ya sa na kira. Cewa yake ko ba ka yi magana ba, shi dai ya ga fuskarka."

Hajara ta fashe da kuka. Can sai dattijon ya juyo ya tambaye ni mene ne ya lalace. Na kwance bayan kwamfutar, na ciro batirin, na ɗora masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ɗan abin?" ya ce. "A'a. Shi damina ɗaya ya hana. Kafin nan ni ne."

Ya saka shi a aljihu, ya ce Hajara ta tashi, har yanzu mahaifiyar yaron ba ta sani ba.

Shi ya sa nake takura muku da duba kwanan wata kafin komai, kuma nake hana ku cewa mutum ya dawo jibi ba ku ko kunna abin da ya kawo ba. Ba ku san wanda ke jiransa a ɗaya ɓangaren ba.