Ranar da Baba Sinse ya ƙi ba Sadisu magani

Sadisu ya rasu yau da safe, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, a asibiti nan Kuala Lumpur. Matarsa Zainab ce ta kira ni ina hanyar tashar jirgin ƙasa ta MRT. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na jira sai da aka sanar da iyayensa a Zariya kafin in rubuta wannan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗalibin digiri na uku ne a fannin injiniyan ruwa, a makarantarmu ta Jalan Semarak. Wata biyu suka rage masa ya kare kundinsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyu.

Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Bai san ni ba, suna kawai aka ba shi. Sati uku na yi a falonsa a unguwar Cheras kafin in sami ɗaki. Kullum sai ya ce, "Bakano, ka ci a hankali, nan ba Kurmi ba ce, ba wanda zai ƙwace maka." Ni kuma in ce Bazazzage ya ga baƙo ya sami na yi wa iyayi.

A ƙasan benensu akwai shagon maganin gargajiyar Sinawa. Mai shagon dattijo ne, irin waɗanda ake kira sinse a nan, mu kuma muka sa masa Baba Sinse. Bango guda na shagon durowoyi ne ƙanana, cike da saiwoyi da sassaƙe da busassun ganye. Sadisu yakan zauna wurinsa yana ta tambaya. Ba ya karɓar komai sai an lissafa masa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har dattijon ya saba, da ya gan shi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Babu giya, babu alade, boleh," wato "za ka iya sha" a yaren Malay.

A bakin Sadisu na fara jin yadda suke kallon cikin mutum. Gaɓoɓi biyar ne manya a wurinsu: hanta, zuciya, saifa, huhu da ƙoda. Ba tsokar da likita ke gani a hoto kaɗai suke nufi ba, aikin da kowacce ke yi a jiki suke nufi. Kowacce tana da ƙofar da take leƙowa waje, da halin da ke cutar da ita. Hanta ta ido take leƙowa, fushi ke taɓa ta. Huhu ta hanci, baƙin ciki ke taɓa shi. Ƙoda ta kunne, ita ke ɗauke da tsoro. Saifa ita ke sarrafa abinci, yawan tunani ke kassara ta. Zuciya kuwa a harshe ake karanta ta.

Lokacin da malamina ya dawo mini da babi biyu na daina cin abinci, Sadisu ya zo da fulas na kunun shinkafa da citta da jan dabino. Ya ce, "Saifarka ce ta gaji da tunani. Sha." Na ce ni ban yarda da wannan lissafin ba. Ya ce, "Ba na ce ka yarda ba, cewa na yi ka sha." Kwana biyar yana kawowa.

Abin da zan faɗa yanzu na san ba zai so ba. Amma akwai irinsa da yawa a cikinmu.

Sati biyar da suka wuce na lura idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Ya ce shawara ce, kuma Hajiyarsu ta ja masa kunne a waya cewa shawara ba ta son allura. Na ce, "Injiniya guda kake faɗin haka?" Sai ya gaya mini ainihin dalilin. Bizarsa ta kusa ƙarewa. Ya ji ana cewa idan asibiti ta rubuta wa ɗalibi ciwon hanta ba za a sabunta masa ba. Bai tambayi kowa ko gaskiya ne ba, don tambayar ma tsoronta yake ji. Shagon Baba Sinse kuwa ba a buɗe wa mutum fayil.

Ya ce in raka shi.

Dattijon ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa na hagu, ya daɗe, ya koma na dama. Ya ce ya fito da harshe, ya duba gefe da gefe. Ya ja fatar idonsa ƙasa. Ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, Sadisu ya cije leɓe. Daga nan bai taɓa durowa ko ɗaya ba.

"Ba zan ba ka komai ba," in ji shi. "Asibiti. Yau."

Sadisu ya yi dariya. "Haba Baba, ko ɗan na wata biyu? In na kare kundina da kaina zan je."

"Tak boleh, ba zai yiwu ba. In na ba ka za ka ji sauƙi kwana goma, ka ce ka warke. Wannan ya wuce hannuna."

Sai ya juyo gare ni. "Kai abokinsa ne? A littafinmu tsoro a ƙoda yake, ina da maganinsa. Shi nasa a fasfo yake. Ka kai shi."

Na roƙi Sadisu tun daga ƙofar shago har tashar jirgin ƙasa, zai wuce makaranta. Na ce zan je ofishin ɗaliban ƙasashen waje in tambaya ba tare da na ambaci sunansa ba. Ya ce ɗalibai nawa ne masu ido irin nasa. Na ce to zan gaya wa Zainab. Nan ya tsaya ya riƙe hannuna.

"Habu, shekara huɗu. Garinmu kaf ni suke jira. Na ba ka amana, kada Maman Hanan ta ji. Ita ma shawara na ce mata."

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Bakano da riƙon amana, yau zan ga ikon Allah." Jirginsa ya zo, ya shiga.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan yana tsaye da ƙafarsa. Bayan nan sai waya. Na kira, na tura saƙo, na sami wani ɗan uwanmu da ke karatun likita na ba shi labari ba suna, ya ce a gaggauta. Na gaya wa Sadisu, ya turo mini hoton babinsa na ƙarshe. Sau biyu ina zuwa har ƙofar benensu da niyyar gaya wa Zainab, ina juyowa.

Ranar Litinin ya faɗi a ɗakin gwaji. Likitoci suka ce hantar ta riga ta yi nisa. Ban tambaye su ko sati biyar za su canza wani abu ba. Ban san ko zan iya ɗaukar amsar ba.

Yau a barandar asibiti Zainab ta dube ni ta ce, "Yaya Habu, ka sani?"

Na ce, "Na sani."

Ta ce in taimaka in ɗauko yara daga makaranta.

Na san ajali ba ya jinkiri, ba ya gaggawa. Na yi imani da haka. Amma 'yan uwana ɗalibai, wanda yake jin wani abu a jikinsa ya je a duba shi, ya tambayi dokar daga bakin masu ita. Wanda kuma aka ba irin amanar da aka ba ni, kada ya karɓa.

Allah Ya jiƙan Sadisu, Ya yafe masa, Ya sa jinyar da ya ɓoye ta zama kaffara. Allah Ya ba Zainab da iyayensa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya sa ni ni ma.

Asibiti ba ta saki gawar ba tukuna. Mahaifinsa bai yanke ko a nan za a yi jana'iza ko a kai shi gida ba. Yayansa ya ce zai kira bayan sun yi azahar a can.