Kofin da Gwaggo Rumasa'u ta ƙwace

Ka taɓa ganin wanda ya ƙwace gahawar ango ya shanye? Gwaggo Rumasa'u ta unguwar Tandabawi ta yi.

Shekara talatin tana zuba gahawa a gidajen biki na Makka, kuma ba ta miƙa abin da ba ta ɗanɗana ba. Ta ce mutum kamar buta yake, sai an karkata shi ake sanin abin da ke ciki.

Bara ɗan ƙaninta Rayyan, haifaffen Amurka, ya kawo maganar auren wata Baturkiya, Asiya. Dangin biyu sun zo Umra, aka shirya neman auren a falonta. Tun daga ƙofa take harare-harare.

"Duk matan unguwar Utaibiyya sun ƙare ne, ya walad?" ta tambayi yaron.

"Gwaggo, ki ba ta dama mana."

Asiya ta ce ita za ta dafa gahawar, irin ta ƙasarsu. Gwaggo ta bi ta madafa ta laɓe. Kofi tara yarinyar ta jera, takwas ta sa musu sukari. Na tara kuwa, sai da ta waiga, sannan ta ciro ƙulli a jaka ta zazzage masa farin gari.

Asiri, a gidanta!

Ana miƙa wa Rayyan kofin, Gwaggo ta fizge, ta yi bismilla ta kwankwaɗe. Gishiri ne zalla. Uban Asiya ya miƙe, ya ɗauka an fasa ba su yaron. Yarinyar ta sa kuka.

Kakarta ce ta yi bayani da guntun Larabcinta: a wajensu angon da ya shanye gahawar gishiri bai yatsine fuska ba, shi ake ba mata.

"To ni za ki aura ke nan," in ji Gwaggo ga Asiya. "Halas, magana ta ƙare, dafa wata. Amma da gishirin gidana."

Ita ta auna, cokali biyu cur. Rayyan ya shanye, idonsa na ruwa, yana murmushi. Uban ya zauna, aka shafa Fatiha.

Har yau Gwaggo ba ta sakankance ba. Ta ce in gishiri ne kawai a ƙullin nan, me ya sa yaron ya tare a Istanbul?

Don Allah gobe ka zuba gishiri cokali biyu a gahawarka, ka sha gaban madubi, ka ga ko kai za a ba ka matar.