Ɗalibar Misis Yun

Har gobe ba zan manta da safiyar da Sista Rifkatu ta kira ni ofis kan maganar Misis Yun ba. Lokacin ina sabuwar mai taimakon nas a wani gidan kula da tsofaffi a garin Alexandria na Amurka. Sista, 'yar Jos, ita ce shugabarmu a hawan benen da nake aiki.

Misis Yun 'yar Koriya ce, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa mata baki da maƙogwaro. A ƙa'idar aiki, irin wannan majiyyaci yakan yi ta atisayen baki da harshe tare da mai koyar da magana, sannan a gwada haɗiyarsa. In ya faɗi gwajin, sai a huda ciki a sa masa robar abinci. Ita kuwa da an fara atisaye sai ta juya wa kowa baya.

"Binta, likita ya ce in ba ta motsa bakin nan ba, roba za a sa mata," in ji Sista. "'Yarta ta ce malamar firamare ce a ƙasarsu, ba ta saba a koya mata ba. Mun yi shawara, ke za ki zama ɗalibarta, ta koya miki haruffan Koriya."

"Ni, Sista? Da ƙyar fa na shawo kan Turancin Amurka!"

"Shi ya sa na zaɓe ki. Kin iya kuskure."

Na tafi da ɗan allo da alƙalami. 'Yar Misis Yun ta ce in miƙa da hannu biyu, haka ake yi wa babba a wurinsu. Na ce ai wannan ladabin gida ne, har da rusunawa na ƙara. Tsohuwar ta ƙare mini kallo, ta karɓa. Ta ja layi a tsaye da ɗan reshe a dama, ta ce "a", muryar kamar daga cikin rijiya. Reshen ya koma hagu, sautin ya zama wani abu tsakanin "a" da "o". Daga nan na fara shan wuya.

Wanda ya fi ba ni kashi shi ne layin kwance, wanda ake faɗa da leɓe a baje. Ni kuwa kullum sai in tsuke baki in ce "u". Ranta ya ɓaci, ta bugi allon, ta baje leɓenta iya ƙarfinta ta yi ta maimaita mini. Mai koyar da magana tana bakin ƙofa tana murmushi, domin atisayen ke nan. Haka muka yi ta yi kowace safiya.

Ranar gwajin haɗiya ina waje ina jira. Misis Yun ta haɗiye kunun shinkafa ba ta ƙware ba. 'Yarta ta yi kuka, ni ma na yi. Da na shiga taya murna, sai ta nuna allon ta faɗi wani abu.

"Ta ce ita ta ci jarrabawarta," in ji 'yar. "Saura ke."

Ku sababbin shiga wannan aiki, in tsoho ya juya muku baya, ku tambayi aikin da yake yi kafin ya kwanta. Wani ba taimako ya ƙi ba, so yake a ce har yanzu yana da abin bayarwa. Ni dai har Misis Yun ta koma gida ba ta yarda na iya layin kwancen nan ba.