Bahon Goggo

Shekara goma sha tara Goggo ta yi tana renon furen wardi a gonar nan, amma ko ɗaya ba ta taɓa kaiwa ɗakinta ba. Ta ce ita nata reno ne da yanka, shaƙar ƙanshi kuwa aikin marasa aiki ne.

Rumfar leda ta uku ita ce masarautarta. A bakin ƙofa akwai baho cike da ruwan magani, duk mai shiga sai ya tsoma takalmansa. Dalili kuwa, akwai wata cuta da ke zaune a ƙasa, tana bin lakar takalmi, in ta samu shiga sai ta ruɓar da saiwa, shuka ta yi yaushi komai ruwan da aka ba ta. Mai gonar kansa ya taɓa zuwa da sabon takalmi yana neman raɓewa ta gefe.

"Ranka ya daɗe, gona taka ce, ban musa ba," in ji Goggo. "Tsoma."

Ya tsoma.

To, wata safiya sai ga layi biyu sun sunkuyar da kai. Ta tumɓuke guda, saiwar ta yi baƙi ƙirin. Mai gona ya ce in abin ya kai layi na biyar, rufe rumfar zai yi, Goggo ta koma ɗakin ɗaure furanni, inda ake wuni a zaune. Ita da ko a gidan suna ba ta iya zama!

Ƙanin mijinta, direban gonar, shi ta fara tarewa.

"Kai ne, mai ƙafar agwagwa. Na san tsallake bahon nan kake yi."

"Haba matar yaya! Ruwanki ya cinye min takalmi har babban yatsa na leƙen duniya, kuma ni ne?"

Da bincike ya gagara, aka kira malamar gona. Ta duba ruwan ban shuka, ta duba taki, ta duba almakashi da baro, duk tsaf. Har ta juya za ta fita, sai ta hangi ƙotar wata 'yar fartanya a jakar Goggo.

"Goggo, wannan fa, ana wanke ta?"

"Wannan ai ba ta gona ba ce, 'yata, tawa ce. Tare muke zuwa, tare muke komawa."

"Me take yi a gida?"

"Ɗan tumatirin bayan ɗaki ne, wanda ya..."

Sai abin ya faɗo mata a rai. Tumatirin nan wata guda ke nan da ya bushe a tsaye.

Direba ya yi dariya har sai da ya dafa baro.

Ranar nan Goggo ta tsoma fartanyarta a baho. Ta tumɓuke layukan ta ƙone, ta jiƙa ƙasar sharkaf, ta lulluɓe ta da farar leda don zafin rana ya dafa ta, sati shida cur. Cutar ba ta wuce layi na uku ba, rumfa kuma ta zauna a hannunta.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne mijinta, wanda ya sha faɗan wata guda wai shi ya kashe tumatir da yawan ruwa. Ta same shi a tsakar gida, ta ce cikin ƙasa-ƙasa da murya, "Malam, a yi haƙuri."

Ya ce ya yafe har zuciya, amma ta daure ta maimaita da ƙarfi, kunnensa na hagu ba ya ji sosai.