Yadda Baffa Ɗantani Ya Zaɓi Magini

Ku da kuka san Baffa Ɗantani kun san ba ya shiga gidan mutum da sallama kaɗai. Sai ya ciro makullin shagonsa ya ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne, sannan ya tambayi wanda ya yi ginin. Ko ta'aziyya aka je bai fasa ba. A gaban jama'a ya taɓa ce wa ɗan mamaci, "Allah ya jiƙansa, amma an cuce shi a siminti."

Yayan mahaifina ne, ɗan kasuwa a unguwar Bololo. Tun ina makaranta ya sayi fili a unguwar Habbena, ya ce zai gina wa matarsa, Inna Halima, gidan da ba a taɓa ganin irinsa ba. Zanen ma shi ya yi da hannunsa. Magini kawai ya rage. Na gama makaranta, na yi aure, na haihu, ana nan ana neman magini.

An kawo masa wani dattijo daga unguwar Farcha. Baffa ya sa aka ba shi tuwo, ya zauna yana kallonsa. Da mutumin ya tafi, ya ce mana mai gaggawar loma haka zai yi wa bulo. Wani ya zo a kan sabon babur, Baffa ya ce wannan babur simintin wani bawan Allah ne. Na bayansa ya zo a ƙafa, ya ce da ya iya aiki ai da ya sayi babur.

Akwai wanda ya duba wurin ya gaya masa gaskiya, cewa filin kwari ne, sai an yi ciko an ɗaga tushe kafin a ɗora komai. Baffa ya naɗe zanensa. "Gini na kira ka, ko ka koya mini filina? Kalas, magana ta ƙare, tashi."

Mu dariya muke yi a lokacin. Inna Halima ba ta yi. Ita ce duk damina take kwasar ruwa da roba daga ɗakin haya, ta ɗora katifa kan akwatuna, har sanyi ya kama mata ƙafafu. Sau ɗaya na ji ta tanka. Ta ce, "Alhaji, ko ɗaki ɗaya ne na laka, in dai namu ne." Ya ce mata ba ta san gini ba. A ɗakin hayar nan ta rasu.

Ba a daɗe ba sai ga magininsa ya samu. Wani ne mai farar shadda da ƙamshin turare, tafin hannunsa laushi kamar na jariri. Ya kalli zanen, ya dafe ƙirji, ya rantse ko injiniyoyin Faransa ba za su zana haka ba. Da aka ambaci ciko, ya ce filin Alhaji ya fi ƙarfin ruwa. Baffa bai tambaye shi ko gida ɗaya da ya gina ba. Shayi ma da kansa ya zuba masa. Muka yi magana, ya ce hassada ce.

Gini ya kai linta, ruwan Agusta ya sauko. Bangon gabas ya kwanta cikin taɓo, sauran suka tsattsage, mai shadda ya kashe waya. Na raka Baffa wurin. Ya tsaya ruwa har ƙauri, ya daɗe yana kallo, har na zaci yau zai ce ya yi kuskure. Sai ya juyo ya ce, "Sani, ruwan bana ba shi da tarbiyya."

Bai sake taka Habbena ba. Yana jinyar ajali ya kama hannuna, ya ce ɗakin da ya faɗi na Halima ne, ya sa masa babbar taga don tana son hantsi. Ya tambaye ni ko na ga za ta so shi. Amsa mai ɗaci ta zo mini har baki. Na dubi yadda ya rame, na haɗiye, na ce za ta so.

Har yau in na bi ta kangon nan raina sai ya ɓaci. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa taurin kansa. Allah ya saka wa Inna Halima haƙurinta, ya haskaka musu kaburbura, ya haɗa su cikin rahamarsa.